Me ake saitawa a waya kafin a miƙa wa yaro?

Maman Hanifa, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu sanin harkar waya ce. Yaro ɗan shekara 10 da yarinya 'yar shekara 14, makarantar boko na turo aikin gida ta WhatsApp, Islamiyya ma na turo karatu ta murya, don haka hana su waya kwata-kwata ba zai yiwu ba. Wayoyin Tecno ne da itel. Me ya kamata a saita kafin a damƙa musu, kuma ta ina aka fi shigo wa yara? Don Allah a yi bayani dalla-dalla, yadda za a iya bi da waya a hannu.

Abu Sadiq, Kawo

Wa alaikumus salam Hajiya. Tushen aikin shi ne asusun Google da ke kan wayar. Muddin na babba ne, ko kuma na yaron ne amma an ƙara masa shekaru wajen buɗewa, to Play Store da YouTube za su ɗauke shi a matsayin baligi, duk wani kulle da aka yi daga baya ba zai riƙe ba.

Idan tsohuwar waya ce, a kwashe hotuna da lambobi, a cire asusun babban daga Settings, sannan a yi mata Factory reset. A kula da jerin nan: in aka goge ba a cire asusun ba, wayar na iya tsayawa tana neman tsohon kalmar sirri. Daga nan ki sauke Family Link, manhajar Google ta kula da wayar yara, a wayarki, ki buɗe wa ɗan shekara 10 asusu da ainihin ranar haihuwarsa, ki shigar da shi a wayarsa. Ita 'yar 14 ta haura 13, saboda haka asusunta ake ɗora wa kulawa, kuma sai kun zauna tare ta sa kalmar sirrinta ta amince.

A cikin Family Link abu huɗu ne suka fi muhimmanci. Neman izininki kafin a sauke kowace manhaja, har da ta kyauta. Iyakar shekaru a Play Store, inda ake da 3+, 7+, 12+, 16+ da 18+. Ƙaramin a tsayar masa a 7+, babbar a 12+. Lokacin barci, misali daga tara na dare zuwa bayan Asuba, wanda wayar ke kulle kanta amma ana iya kira. Sai a tabbata an hana sauke manhaja daga wajen Play Store, an kuma hana ƙara wani mai amfani a wayar, don ta nan ake buɗe sabon fili da ba ya ƙarƙashin kulawa.

Bayan haka akwai matatar shafuka, ga wayar da ke da Android 9 zuwa sama. A rubuta Private DNS a wurin bincike na Settings, a zaɓi wurin saka suna, a rubuta family.cloudflare-dns.com. Yana toshe shafukan batsa da na cutar waya, ko da data ake ko da Wi-Fi, kuma kyauta ne. In aka kuskure harafi ɗaya intanet ɗin zai ɗauke gaba ɗaya, to a sake duba rubutun kafin a zargi layi. A san iyakarsa kuma: sunan shafi kawai yake gani, ba ya ganin abin da ke yawo cikin TikTok, WhatsApp ko Telegram. VPN, manhajar da ke bi da intanet ta wata hanya, na iya zagaye shi, irin waɗanda yara ke saukewa don neman data kyauta. Opera Mini ma, in yana yanayin rage cin data, ta nasa injinan yake ɗebo shafi. A bar Chrome kaɗai, a toshe sauran.

Mai Gyaran Waya, Tudun Wada

Bayanin Malam Abu Sadiq daidai ne, sai dai duka a kan abin da ke shigowa ta intanet ne. Da yawa daga abin da ake tsinta a wayar yara a garin nan na Kaduna ba ta data ya shigo ba. Ta Xender ne daga wayar aboki, ko Bluetooth, ko katin memori da aka kai shagon masu tura fina-finai aka cika da ɗari biyu. Mai turin ba ya tantancewa, jaka guda yake kwafowa, abin da ke ciki ya biyo. A cire Xender da ire-irensa, a cire memorin in ba dole ba. Wayoyin Tecno, Infinix da itel suna zuwa da Palm Store da burauzar Phoenix tun daga kamfani; a duba jerin manhajoji a Family Link a toshe su, wanda ya ƙi toshewa a kashe shi ta Settings. In kin ga kalkuleta biyu a waya ɗaya, ki buɗe ta biyun. Akwai manhajojin ɓoye hotuna masu siffar kalkuleta, sai an danna lambar sirri suke buɗe ma'ajiya.

Sai maganar layi, wadda ta fi damuna. A ƙa'idar NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, sai mai shekara 18 ke rajistar layi, ke nan layin yaro da NIN ɗin babba yake. Kuskuren da ake yi shi ne a ba shi tsohon layin uwa ko uba wanda ke haɗe da banki. Duk lambar OTP, wato lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo, can za ta shiga, kuma da USSD kaɗai ana iya sayen kati ko tura kuɗi. Ɗan damfara ya kira ya ce daga banki ne ko an ci kyauta, yaro ya karanto masa lamba shida, shi ke nan. A yanki sabon layi da bai taɓa banki ba. A sa masa SIM PIN, amma a adana katin da aka ɓallo layin daga jiki domin PUK, lambar buɗe layin in ya kulle, na kai: kuskure uku a PIN zai nemi PUK, kuskure goma a PUK layin ya mutu. A tura STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla masu jan yara su yi rajistar abin da ke cinye kati.

A leƙa kuma ko akwai manhajar caca ko ta bashi. Ta bashin tana kwashe lambobin da ke wayar, ran da aka kasa biya dangi da malamai za a tura wa saƙon cin mutunci. Kuma kada yaro ya kai waya shagon caji ba makulli a fuskarta.

Malama Umm Aisha, Barnawa

Hajiya, a kan 'yar 14 nake son in tsaya, domin haɗarinta mutum ne, ba shafi ba. Salon kusan ɗaya ne. Ya same ta a TikTok, ko ya tsinci lambarta a zauren WhatsApp na 'yan aji ko na masu karanta littattafan soyayya. Ya fara da gaisuwa da yabo, ya turo mata data ko katin ɗari biyar, ya ce kada ta faɗa wa kowa. Sai hoto da hijabi, sai ba hijabi, sai wanda ya wuce haka, yana cewa ta turo a View once ai gani ɗaya ne. Da wata wayar yake ɗauka. Daga ranar murya ta canja: ko kuɗi, ko ƙarin hoto, ko ta same shi a wani wuri, in ba haka ba ya watsa. Maza ma ana yi musu, da asusun ƙarya mai hoton budurwa.

A WhatsApp, ƙarƙashin Privacy, a mayar da Groups da hoton fuska zuwa My contacts, a kunna Silence unknown callers. A sa Two-step verification, a kashe saukar hoto da bidiyo da kansu. TikTok ba ya buɗe saƙon sirri ga wanda bai kai 16 ba, kuma asusunsa a rufe yake zuwa, amma fa in shekarun gaskiya aka sa. A haɗa asusunta da naki ta Family Pairing, tsarin kulawar iyaye na TikTok. Ɗan shekara 10 bai kai shekarun TikTok ko Facebook ba, 13 ne mafi ƙaranci, YouTube Kids ya ishe shi. A hana ɗaukar bidiyo da kayan makaranta ko a ƙofar gida. A halin tsaron da muke ciki, bajen makaranta da lokacin tashi bayani ne babba a hannun mugu.

Ban goyi bayan manhajar leƙen asiri a ɓoye ba. Ki gaya mata kina dubawa, ku duba tare, waya ta kwana a ɗakinki. Ki kuma faɗa mata tun yanzu, a fili, cewa in wani ya tsorata ta da hoto ta zo gare ki ba duka ba gori. Duk ƙarfin mai barazanar yana kan tsoron da take yi wa gida.

Maman Hanifa, Unguwar Dosa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, in har abin ya riga ya faru, Allah ya kiyaye, me ake fara yi?

Malama Umm Aisha, Barnawa

Amin Hajiya. Kada a biya ko sisi, wanda aka biya dawowa yake. Kada a goge hirar. A ɗauki hoton saƙonnin barazanar, lambarsa, sunan asusunsa da lambar bankin da ya turo, sannan a kai ƙararsa a manhajar a toshe shi. Hoton yarinyar kuwa kada a tura wa kowa, ko ɗan'uwa ne da sunan neman shawara. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, sashe na 23, ta haramta yaɗa irin wannan hoton, ta kuma hukunta mai yaudarar yaro ta intanet. A kai rahoto wurin 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, da wayar a hannu. Akwai shafin Take It Down na 'yan ƙasa da 18: yana ɗaukar tambarin hoton ba tare da hoton ya bar wayar ba, Facebook, Instagram da TikTok su yi amfani da tambarin su hana ɗora shi a fili, sai dai bai shafi saƙon WhatsApp ba. In har sun haɗu ido da ido, a kai ta cibiyar Salama, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a ranar, akwai a asibitin Yusuf Dantsoho da ke Tudun Wada da na Gwamna Awan a Kakuri. Maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara a je kafin ta yi wanka ko a wanke kayan da ke jikinta.