Neman kalmar Hausa: me za mu kira "playoffs" a ƙwallon jami'o'in Amurka?

Mai shirin wasanni: Assalamu alaikum, malamai. Ina haɗa rahoton rediyo da zai fita ranar Asabar kan kakar 2024 ta ƙwallon ƙafar Amurka a jami'o'i, a matakin da ake kira FCS, wanda yake ƙasa da na manyan jami'o'in da suka fi kuɗi da magoya baya. Idan an kammala wasannin kaka, ƙungiyoyi 24 ne ke shiga abin da suke kira playoffs. A kakar 2024, goma ne suka samu gurbi kai tsaye saboda sun zama zakarun rukunoninsu, kwamiti ya zaɓo sauran 14, takwas na sama suka huta a zagayen farko, daga nan kuma duk wadda ta sha kashi ta tattara ta koma gida. A wasan ƙarshe da aka buga a Frisco ta jihar Texas cikin Janairun 2025, North Dakota State ta doke Montana State da ci 35 da 32, ta ɗauki kofinta na goma. Wace kalma ce za ta ɗauki wannan mataki gaba ɗayansa?

Tsohon ɗan jarida: Wa alaikumus salam. Ai an daɗe ana cewa wasan cike gurbi, ka yi amfani da shi ka huta.

Mai fassara daga Zariya: Ranka ya daɗe, cike gurbi ya dace ne a inda ƙasashe ke karawa domin samun kujerar da ta rage a gasar cin kofin duniya, wato gasar tana gaba, ana neman ƙofar shigarta. A nan kuwa babu wata gasa a gaba, domin wannan matakin shi ne ke fitar da zakara. Abin da masu sauraron wasanni suka saba ji shi ne zagayen sili ɗaya ƙwale, kuma ya faɗi ainihin abin da ya sami Montana State, wadda ta ci wasa 15 a jere ba tare da an doke ta ba, sannan rashin nasara guda ya raba ta da kofi.

Malamin Hausa: Ni tun daga tushe nake da ja. Ta yaya za a kira wasan da ake rungumar ƙwallo a hannu ana gudu da ita ƙwallon ƙafa, alhali muna da zari-ruga? Game da tambayar kuwa, na daɗe ina ba ɗalibaina shawarar a ce gasar tankaɗe da rairaya, saboda kwamiti ne ke tankaɗe ƙungiyoyin, fili kuma ya rairaye su har a bar guda. Sili ɗaya ƙwale maganar 'yan kallon ƙwallo ce a gidajen kallo, bai kamata ta hau teburin labarai ba.

Mai fassara daga Zariya: Allah ya gafarta malam, zari-ruga ya riga ya zama sunan wasan rugby, kuma wasannin biyu ba ɗaya ba ne, tunda a na Amurka ana jefa ƙwallo gaba, abin da dokar rugby ta hana. Tankaɗe da rairaya kuma kunnen Bahaushe ya saba jin sa a wajen tantance ma'aikata ko 'yan takara, don haka mai sauraro zai ɗauka har yanzu ana zaune a ɗakin kwamiti.

Ɗan Damagaram: Ina mamakin yadda duk kalmar da ta fito daga bakin jama'a ake ce mata ta kan titi, amma wadda aka ƙirƙira a ofis ake ce mata daidaitacciya. Mu a Nijar, a kokawar takobi, wanda aka kayar ya fita daga neman takobin, kuma ba mu jira wata jami'a ta raɗa wa abin suna ba.

Malamin Hausa: Babu wanda ya raina Hausar Nijar, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Cewa na yi harshen da ba ya ƙirƙirar kalmominsa zai ƙare da ara.

Tsohon ɗan jarida: Na janye cike gurbi. Sai dai ina jan hankalin mai tambaya kada ya fassara FCS da rukuni na biyu, domin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, tana da rukuni na biyu da na uku daban, FCS kuwa ɓangare ne na rukuni na ɗaya tun da aka raba shi a 1978. Ƙaramin ɓangaren rukuni na ɗaya ya fi kusa da gaskiya, ko da ya yi tsawo a baki.

Mai shirin wasanni: Na gode ƙwarai. Zan ce zagayen sili ɗaya ƙwale na fitar da zakara a farkon rahoton, daga baya in taƙaita shi, zan kuma ɗauki gyaran da aka yi kan rukuni. Hutun da takwas na sama ke samu a zagayen farko zan bayyana shi da jimla, tunda ba a kawo masa kalma ba.

Malamin Hausa: Rahotonka ne, ka yi yadda ka ga ya dace, amma ni a ajina tankaɗe da rairaya zan ci gaba da koyarwa, kuma batun kiran wasan ƙwallon ƙafa har yanzu ba a ba ni amsar da ta gamsar da ni ba.