Wa ya taɓa sa aka ɗaure masa gida saboda girgizar ƙasa a Kalifoniya?

Baban Amira, Hayward

Assalamu alaikum jama'a. Gidan da muka saya a nan Hayward tsohon gidan katako ne na shekarun 1950, irin wanda ke zaune kan gajeriyar katanga, da sarari a ƙarƙashinsa wanda sai da rarrafe ake shiga. Kowa ya san tsagar Hayward, wato tsagewar ƙasa da ke haddasa girgiza, ta ratsa garin nan, rabonta kuma da babbar girgiza tun 1868. Na kira 'yan kwangila su duba nawa za a ɗaure gidan da fandishonsa don kada girgiza ta zamar da shi. Ɗaya ya ce dala 4,200, wani 6,500, wani kuma ya ce 11,000. Gida ɗaya fa! Don Allah wanda ya taɓa yin aikin nan ya ba mu labarin yadda ya kwashe da su.

Maman 'Yan Biyu, Oakland

Wa alaikumus salam Baban Amira. Kafin ka sa hannu a komai, duba ko lambar unguwarku tana cikin shirin Earthquake Brace + Bolt. Suna ba da tallafi har dala 3,000 ga gidajen katako da aka gina kafin 1980, amma lokaci-lokaci suke buɗe rajista. Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne kada ka fara aiki kafin su amince da kai. Maƙwabciyata ta yi gaggawa, ta gama aikinta tsaf sannan ta je nema, ko sisi ba ta samu ba. Mu daga jerin 'yan kwangilar da ke shafinsu muka zaɓa. Mutumin shi ya nemo takardar izini daga hukumar birni, ya ɗauki hotuna kafin aiki da bayansa, kwana biyu suka gama. Da muka kai takardar shaida inshorar girgizar ƙasa ma ta ɗan sauka, an ce ragin yana kaiwa kashi 25 ga tsofaffin gidaje, namu dai bai kai nan ba.

Kafinta, San Leandro

Malam, bambancin kuɗin nan kada ya ruɗe ka, mai yiwuwa ba aiki ɗaya suke maka lissafi ba. Sana'ata ce gini, ƙarƙashin gidajen nan kuwa na ga abin mamaki.

Aikin kashi uku ne. A huda kankaren fandisho a ɗaure katakon ƙasa da manyan noti. A lulluɓe gajeriyar katangar da filawud ta ciki don kada ta kwanta gefe. Sannan a haɗa daɓen gidan da saman katangar da 'yan ƙarafuna. In aka bar ɗaya, sauran biyun ba za su riƙe gida ba. A girgizar Loma Prieta ta 1989 gidaje da yawa abin da ya same su ke nan: sama lafiya lau, katangar ƙasa ta kwanta, gida ya zame ya zauna a ƙasa.

Wani bawan Allah ya kira ni in duba masa aikin da aka yi wa tsohon mai gidan. Daga bakin shiga komai gwanin kyau, filawud sabo fil. Da na kutsa can ƙurya da tocila sai na tarar an jera kusoshi da tazarar kusan ƙafa guda, alhali a bakin allo kamata ya yi ya zama kamar inci huɗu. Waɗanda aka buga ɗin ma bindigar kusa ta nutsar da kawunansu sun fasa fuskar katakon, ka ga ba abin da suke riƙewa. Noti biyu da hannuna na juya su. Bangon baya kuwa ko taɓa shi ba a yi ba, don an san ba mai rarrafawa ya kai can. Babu takardar izini, saboda haka babu sufeton da ya leƙa.

Ka ce kowannensu ya ba ka zane: wane bango, filawud ƙafa nawa, noti nawa, tazara nawa. In katangar ba ta wuce ƙafa huɗu ba, akwai tsarin da ake kira Plan Set A da biranen yankin nan da dama ke karɓa ba sai da injiniya ba. Wanda ya ce maka izini ɓata lokaci ne, ka yi masa godiya ka raka shi bakin ƙofa.

Yaya Babba, Fremont

Ni tawa matsalar kuɗin kafin alƙalami ce. Wani ne aka haɗa mu da shi bayan sallar Juma'a, ya ce in ba shi rabi ya sayo kaya. Ɗana ya shiga shafin CSLB, hukumar da ke ba 'yan kwangila lasisi a jihar nan, ya buga lambar lasisin da ke katinsa, sai ga sunan wani daban. A dokar jihar nan ɗan kwangila ba ya karɓar sama da kashi 10 ko dala 1,000 tun farko, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ka kuma tambayi inshorar leburorinsa, don in yaro ya ji ciwo ƙarƙashin gidanka kai za a iya biyowa. Har yanzu muna gaisawa da mutumin, amma aiki wani ya yi.

Anti, Berkeley

Tunda sabon saye ne, tambayi birninku ko suna da irin namu. Berkeley na mayar da har kashi ɗaya cikin uku na harajin sayen gida in aka kashe shi kan wannan gyara, da wa'adi. Kuma a ɗaure tankin ruwan zafi da bango, wannan doka ce, ba tsada.

Baban Amira, Hayward

Allah ya saka da alheri. Na koma kan takardun. Mai 4,200 noti kawai ya rubuta, babu maganar filawud sam. Mai 11,000 kuma ya sa har da gareji, domin ɗakin yara a samansa yake. Ni na ɗauka cusa min aiki yake.

Kafinta, San Leandro

A'a, wannan bai cuce ka ba. Ɗaki a saman gareji magana ce daban. Ƙofar gareji ta cinye bangon gaba, babu abin da zai tokare in ƙasa ta yi gefe, irin ginin da ya kashe mutane a girgizar Northridge ta 1994 ke nan. Plan Set A bai shafe shi ba, sai injiniya ya zana, wani lokaci har da ginshiƙin ƙarfe. Ni ma da ke cikin sana'ar ba na taɓa shi babu zane.

Maman 'Yan Biyu, Oakland

Ni a nan na ɗan saɓa da Kafinta. Injiniyan da muka tambaya kuɗin dubawarsa kaɗai ya sa maigida ya yi shiru. In aljihu bai kai ba, a fara da na ƙarƙashin gida, a sauko da yara ɗakin ƙasa kafin a tara na garejin. Akwai ma tallafi na daban don irin wannan gini, har dala 13,000, sai dai ba kowace unguwa ba.

Kafinta, San Leandro

Hajiya ba mu saɓa ba, saukar da yaran shawara ce mai kyau. Baban Amira, in kana gida ranar Asabar bayan Azahar zan biyo. Ka nemi tsofaffin kaya da takunkumi, tare za mu shiga, ka auna tsayin katangar da hannunka kafin ka sake kiran kowa.