Neman shawara: kayan da zan zaɓa wa na'urar sake cika harsashi

Baban Yara, Jos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da bindiga mai baki biyu, lamba 12, da lasisinta. Da ita nake korar birai a gonata ta hanyar Bauchi, da rani kuma in ɗan fita neman zabin daji da fakara. Harsashi ya yi tsada ƙwarai. Ƙanena da ke Amurka ya ce zai aiko mini da na'urar MEC, wadda ake sake cika kwanson harsashi da ita, ya ce in zaɓi kayan da za a haɗo. Sikelin awon albarushi, na batir zan ce ko na hannu? Sai kuma teburin da ake ɗaure ta a kai. Masana ku taimaka.

Barista:
Wa'alaikumus salam. Yaya, don Allah kira shi yau ɗin nan ka ce ya dakata. A Amurka doka ta yarda mutum ya cika harsashin da zai yi amfani da shi, shi ya sa kamfanoni irin su Lee da RCBS da Dillon ke sayar da kayan a fili. Mu a nan dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu take aiki, ta hana ƙera ko harhaɗa bindiga ko harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar soja da Shugaban Ƙasa ya amince da ita. Irin wannan aiki na DICON ne, kamfanin ƙera makamai na gwamnati da aka kafa a Kaduna a 1964. Lasisin da ke hannunka na mallaka ne kawai, bai ba ka izinin haɗa ko ƙwaya ɗaya ba, kuma hukuncin ɗauri ne na shekaru. Ko shigo da kayan da suka shafi makamai sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Kai ma ka san halin da Filato ke ciki. In aka shiga gida aka tarar da wannan na'ura da tarin kwanso, babu mai tsayawa sauraron zancen birai.

Tsohon Maharbi:
Ɗana, ka ji maganar Barista. Ni kuma abin da zan ƙara, tunda yaron yana son yi maka alheri, kar ka mayar masa da hannu, canza masa saƙon. Na farko akwatin ƙarfe mai makulli, wannan ma maƙeran walda na garin nan za su yi maka, shi dai ya turo kuɗin. Bindiga wurinta daban, harsashi wurinsa daban. Daminar Jos ba ta raga wa ƙarfe, tsatsa tun daga cikin bututu take fara ci ba ka sani ba, don haka sandar goge ciki da burushi da man bindiga sun fi maka kowane sikeli. Ka goge duk ranar da ka harba, ko da sau ɗaya ne. Sai abin toshe kunne. Sa'o'inmu da yawa yau sai an ɗaga murya suke ji, ƙarar bindiga ce ta jawo, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dalmar ce damuwata, Baban Yara. Ƙwayoyin da ake zubawa a harsashin nan yawanci dalma ce, ƙurarta na maƙalewa a hannu da tufafi. Ka tuna Zamfara a 2010, gubar dalma daga aikin zinare a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Ko gogewar ma ka riƙa yi a waje, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki yaro.

Baban Yara, Jos:
Allah ya saka da alheri, na kira shi ya fasa. To tsadar harsashin fa, Baba?

Tsohon Maharbi:
Saya wurin dillali mai rajista kaɗai, da lasisinka a hannu, ka adana rasit. Birai kuwa ba kullum sai an harba ba. Kare mai kyau da mai gadi lokacin da masara ta fara nuna za su rage maka rabin aikin.

Barista:
Ka kuma duba ranar ƙarewar lasisin, Yaya. In ta matso, je hedikwatar 'yan sandan jiha ka nemi sashen da ke kula da lasisin bindiga tun kafin ya mutu.