Me ya sa hasumiya take fitowa a hoto kamar za ta faɗi baya?

Bakatsine: Assalamu alaikum. Ina shirin zagayen tsoffin gine-gine: Hasumiyar Gobarau ta Katsina, Masallacin Juma'a na Zariya, in hanya ta ba da dama har Agadas. Waya ce kawai a hannuna. Matsala biyu ke damuna: doguwar hasumiya tana fitowa a karkace, sannan jan ƙasar bango yana komawa fari fat, zane ba ya fita. Ina gyaran yake?

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam, Malam. Karkacewar daga ɗaga kan waya take. Da zarar ka tsaya gindin gini ka kalli sama, layukan tsaye sai su tsuke. Ja da baya kamar ninki biyu na tsayin ginin. Hasumiyar Agadas mita 27 ce, ka ga kana buƙatar kusan mita 50. Kunna layukan nan da ke raba allon waya gida tara, ka riƙe ta a miƙe sak. Kada ka kusanci 0.5x, maɓallin kyamara mai faɗaɗa hoto, shi ke lanƙwasa gefen bango. In lungu ya matse, nemi izini ka hau soron maƙwabta, don daga tsakiyar tsayin gini layuka ke miƙewa da kansu. Ka kuma bar fili a gefe da sama, saboda gyaran karkata a manhajar gyaran hoto ta Snapseed yana cinye gefen hoto.

Amma a kula: hasumiyar Agadas dama tsukakkiya ce daga sama, haka aka gina ta. Wanda ya miƙar da ita sarai wurin gyara ya ɓata ta.

'Yar Damagaram: Batun launi kuwa, rana ce. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 haske na saukowa ta ka, sai ya shafe zanen. Zanen bango da zankwaye inuwa ke fito da su, don haka sai haske ya zo ta gefe: awa ɗaya bayan fitowar rana, ko bayan la'asar. Bangon alƙibla gabas yake kallo, nasa na safe ne. Taɓa bangon a allon wayar, ka rage haske kaɗan har jan ya dawo. Lokacin hunturu hazo na dusashe komai, to ka bar hoton nesa, ka matso kan ƙofa, indararo da itatuwan da suka leƙo daga jikin hasumiya. Kuma ka hure ƙura daga gilashin kafin ka goge, yashi na karce shi.

Ɗan Magina: Ƙari kan na Hajiya. Na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina wajen shekarun 1830, yanzu sabon gini ya lulluɓe shi, abin kallon a ciki yake: bakan gizon da ke ɗauke da rufin. Akwai duhu, amma kashe filasha, tana kashe inuwar da ke nuna lanƙwasar. Sa yanayin dare, ka manne gwiwar hannu a ƙirji, ka tsaya cak daƙiƙa uku. Kada ka jingina da bangon ƙasa. Ka fara gaida ladan ko mai kula da wurin ka nemi izini, ka kauce wa lokacin salla. A fada, dogarai ake tambaya. Shingen jami'an tsaro kuwa, mayar da wayar aljihu.