Wai "tar" kaɗai ta isa a kwatanta surar mutane da Farisanci?

Sabon ɗalibi: Salam jama'a. Ni fa ina nan a kan bakana, wajen kwatanta surar mutane Farisanci ya fi Larabci sauƙi nesa ba kusa ba. Ka ɗauko sifa ka manna mata tar shi kenan, boland dogo, bolandtar wanda ya fi tsawo, sai ka sa az kafin wanda aka fi. Baradaram az man bolandtar ast, wato ɗan'uwana ya fi ni tsawo. Laghar siriri, laghartar. Javan matashi, javantar. Babu ruwanka da namiji ko mace.

Malamar Larabci: A'a ɗan'uwa, ka yi wa Larabci adalci mana. Atwalu min na Larabci, wato fin wani tsawo, shi ma ai ba ya canjawa, huwa atwalu minni, hiya atwalu minni, duk ɗaya ne. Kuma rashin jinsin nan da kake yabo shi ne ya fi ba ni wahala, kalmar u ta Farisanci ita ce "shi", ita ce "ita", kana kwatanta yaro da ƙanwarsa in ba ka maimaita sunansu ba mai saurare ya ɓace.

Sabon ɗalibi: Na yarda Malama, amma fa launi? In za ki ce ya fi fari ba ki cewa abyadu min, sai kin zagaya ashaddu bayadan. A Farisanci kuwa sefid fari, sefidtar, an gama.

Ɗalibi a Qum, Iran: Wannan kam ka yi gaskiya. Amma Malam tar ba ita ce matsalar ba, ezafe ce, wannan ɗan wasalin e da ke haɗa suna da sifa kuma galibi ba a rubuta shi, sai dai ka san yana nan. Mu-ye siyah baƙin gashi, cheshm-e dorosht manyan idanu. To ga inda ake faɗuwa: yaro mafi tsawo a kan wani pesar-e bolandtar ne, sifa a baya, amma wanda ya fi kowa sai ta dawo gaba ezafe ta faɗi, bolandtarin pesar. Na fi wata biyu ina juya su wlh. Ga khub, mai kyau, da aka saba mayarwa behtar, wanda ya fi kyau, ga mutanen Tehran da ba za ka ji ast, aikatau ɗin ƙarshen jumla, a bakinsu ba, bolandtar ast sai ya koma bolandtare, kai kana jiran aikatau a ƙarshe ashe ya wuce.

Malamar Larabci: Kuma mu Hausawa suna muke amfani da shi, ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙiba, su kuma sifa ce. Kai sai ya juya tukuna.

Uwar gida a Mashhad, Iran: Duk nahawu kuke ta yi. Ni na taɓa ce wa maƙwabciyata 'yarta ta fi tawa ƙiba, chaghtar, jumlar daidai take ɗari bisa ɗari, ni a raina yabo ne irin namu, sai na ga ta ajiye kofin shayi fuskarta ta canja. Daga baya aka ce min yaro topol ake cewa, wato ɗan ɓul-ɓul, a haɗa da mashallah. Har yau abin yana damuna.

Sabon ɗalibi: Subhanallah, Allah ya huci zuciyarta Yaya. Ban janye batun sauƙin tar ba, amma ki turo min sauran kalmomin irin topol, gobe muna da darasin siffanta 'yan gida.