Cheetah ba damisa ba ce, mu nema mata sunanta

Salamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata kalma da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta gabanku mu yanke mata hukunci.

Ranar Asabar bayan sallar isha'i muna kallon shirin namun daji da yara. Sai ga wata siririyar dabba mai dogayen ƙafafu ta fito daga cikin ciyawa ta rufa wa barewa baya, ƙura na tashi, kafin ka ce kwabo ta make mata ƙafar baya ta kayar da ita. Ɗana na aji biyar ya ce, "Baba, mece ce wannan?" Na ce damisa. Ba a jima ba aka nuno wata, kakkaura mai ƙaton kai, tana jan mushen gada tana hawa bishiya da shi. Ya ce, "To wannan fa?" Na ce damisa. Ya dube ni ya ce, "Baba, ai ba iri ɗaya ba ne." Gaskiyarsa ce, kuma a daren nan ban sami amsar da zan ba shi ba.

Ta farkon ita ce Turawan Ingila ke kira cheetah, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suka san ta a makaranta da guépard. Duk dabbobin da ke taka ƙasa babu mai gudunta. A 2012 an auna wata mai suna Sarah a gidan namun daji na Cincinnati a Amurka, ta cinye mita 100 cikin sakan 5.95, gudunta ya kai kilomita 98 a awa. Usain Bolt, da ya kafa tarihi a Berlin a 2009, sakan 9.58 ya yi a wannan tazarar. A 2013 kuma masu bincike suka fitar da sakamakon na'urorin da suka rataya wa guda biyar a dajin Botswana, suka bi sawun gudu 367, mafi sauri ya kai kilomita 93 a awa. Damisar da muka sani kuwa da ƙyar take kusantar 60. To ta yaya za a ce "damisa ce ta fi kowace dabba gudu"? Kullum ana faɗin haka a rediyo, kuma ba daidai ba ne. Mun ma ɗora wa kalmar kaya na uku, don tiger ta Indiya mai zane-zane ita ma damisa muke ce mata.

Ku dubi jikinsu da kyau. Rodi-rodin damisa kamar fure yake, baƙin zobe da ɗan haske a tsakiya. Na cheetah ɗigo ne baƙi cikakke, kamar an tsoma yatsa a tawada an dangwala. Tana da baƙin layi daga kwarmin ido zuwa gefen baki kamar kwalli ya zubo da hawaye, damisa ba ta da shi. Damisa tana mayar da faratanta ciki kamar kyanwa, ita kuwa nata ba sa shigewa duka, su ne ke riƙe mata ƙasa in ta kwasa da gudu. Doguwar jelarta ita ke daidaita ta in barewa ta yi kwana. Damisa da dare take farauta, ta laɓe ta yi kwanton ɓauna. Wannan da rana take fita, a fili, kuma in ta yi 'yan ɗaruruwan mita ba ta kama ba sai ta haƙura, don numfashinta ya ƙare.

Abin da ya fi gamsar da ni ma daga bakin kakanninmu ya fito. Kirarin damisa shi ne "ƙi sabo". Ko ka raine ta tun tana jaririya, ran da ta ga dama za ta juyo kanka. Cheetah kuwa tana sabo. Larabawa da Farisawa sun daɗe suna horar da ita su fita farauta da ita kamar yadda maharbanmu ke fita da karnuka. Sarki Akbar na daular Mugal, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, an ce ya tara kusan 1,000 a lokaci guda. Dabbar da ake sa wa igiya a kai ta farauta ba za ta amsa kirarin ƙi sabo ba.

To me za mu kira ta? Na ji shawarwari da dama tun da na fara tayar da maganar a majalisarmu.

Wani ƙanena ya ce a rubuta "cita" kawai a huta, yadda muka yi wa kwamfuta. Kwamfuta baƙuwa ce, ba mu da ita sai da aka kawo mana. Wannan dabba kuwa ta ƙasarmu ce. Har yau akwai ragowarta, 'yan ƙalilan, a tsaunukan Tarmit da ke gabashin Nijar da kuma gandun dajin W da Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa. Su kansu Turawan aro suka yi daga harshen Hindi na Indiya, asalin ma'anar kalmar "mai rodi-rodi". Sannan mutumin Damagaram da ya yi karatun Faransanci ba zai gane cita ba, kamar yadda Bakano ba zai gane "gefar" ba. Kunne kuma zai riƙa jin citta ta shayi.

"Damisa mai gudu" fa? Tana fahimtar da mutum, amma ta bar mu inda muke, yaro zai ci gaba da ɗauka damisa ce da ta fi 'yan'uwanta ƙafa.

Wani dattijo da ya yi farauta da ƙuruciyarsa ya ce mini, "Ɗana, ai muna da sunanta, rabbi." Wallahi na ji daɗin wannan, kuma da a baki kawai za mu tsaya da na ce a rufe magana a nan, don naka ya fi na aro. Matsalar a rubutu take. Bokonmu ba ya nuna karin sauti, kuma babu Bahaushen da zai ga waɗannan haruffa biyar bai tuna "Ya Rabbi" ba. Ku ɗauka an buga a littafin firamare, a farkon jimla da babban baƙi, cewa dabbar ta kama barewa. Ni dai hannuna ba zai iya rubuta wannan jimlar ba, kuma na san malamai da yawa ba za su yarda su karanta ta a gaban aji ba. A adana kalmar a ƙamus, a gaya wa yara cewa kakanninsu sun san dabbar har sun raɗa mata suna, amma aikin yau da kullum yana bukatar wata.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne fahadi. Larabawa fahd suke ce mata, damisa kuma namir, ba sa haɗa su. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu: muna raɗa wa 'ya'yanmu Fahad, kowa kuma ya san Sarki Fahad da ya mulki Saudiyya daga 1982 zuwa 2005, sai dai da yawa ba su san sunan wannan dabbar ba ne. Wanda ya yi karatun zaure ya gamu da ita a hadisin Ummu Zar'in, inda ɗaya daga cikin matan da ke siffanta mazajensu ta ce mijinta in ya shigo gida sai ya zama fahd, in ya fita sai ya zama zaki. Larabawa suna buga misali da ita wajen yawan barci, kuma haka take, in ta ci ta ƙoshi sai kwanciya a inuwa. Hanyar da alhudahuda ya bi daga Larabci ya shigo Hausa, ita fahadi zai bi, kuma daga Kano har Maraɗi, har zangon Kumasi da Hausawan Sudan, babu wanda zai ji ta bambaraƙwai. Wasalin ƙarshen nan shi zai raba dabbar da mai suna Fahad. Namiji fahadi, mace fahadiya, jam'i fahadai.

Tun da ana maganar gudu, kada wani ya ce fahadi ne sarkin halittu duka. A ƙasa ne kawai. A sama akwai tsuntsun da ake kira peregrine falcon, wanda in ya naɗe fukafukai ya sulmiyo daga sama kan tsuntsun da zai sura yakan wuce kilomita 300 a awa. Shi bai ba ni wahala ba. Dangin shaho ne, sunansa na Latin kuma yana nufin mai yawon duniya, don haka "shaho matafiyi" ya wadatar. Jimina da ke kai kilomita 70 a awa tana da sunanta tun kaka da kakanni.

Abin da ke sa ni gaggawa shi ne dabbar tana ƙarewa. Ƙiyasin 2016 ya ce kusan 7,100 suka rage a dajin duniya baki ɗaya. Indiya, inda sunan cheetah ya samo asali, ta rasa nata gaba ɗaya, sai a Satumbar 2022 aka ɗauko guda takwas daga Namibiya aka sake su a gandun Kuno. Ba na so namu na Tarmit su ƙare alhali jikokinmu ba su ma san da wane suna za su tambaye su ba.

Malamai masu koyar da Hausa da masu fassarar labarai a gidajen rediyo, ku ne wuƙa da nama. Ku gwada jimlar nan a baki ku ji: "Fahadi ya fi kowace dabbar ƙasa gudu, amma ba ya nisa." In akwai wanda a garinsu, musamman wajen Damagaram da Agadas, ake kiran dabbar da wani suna na daban, don Allah ya faɗa mana, da yadda ake furta shi da jam'insa. Ni dai na riga na koma wa ɗana da amsa, har ya zana fahadi a bayan littafinsa da baƙin layin nan biyu a fuska.