Doki da Mikiya: Musayar Baitoci kan Zaɓen 1993

Dattijon Shinkafi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina kwashe takardu daga akwatin ƙarfe, sai ga katina na jam'iyyar NRC mai alamar mikiya, abokiyar hamayyar SDP mai alamar doki, ya yi ja don tsufa. Lokacin Zamfara tana cikin jihar Sakkwato, sai 1996 muka samu tamu. Ga abin da ya zo mini, mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ya".

Da sunan Allah na buɗe baki,
In tuna zamanin mikiya da doki,
Jam'iyya biyu soja ya ba mu aiki,
Babangida ya yanka wa Najeriya.

Mu a Shinkafi ba mu yi shawara ba,
Marafa ɗanmu ne, ba mu waiwaya ba,
Umaru ya fito neman shugabancin ƙasa, ba mu ja da baya ba,
Gari ya ɗunguma ƙarƙashin mikiya.

Shi da Adamu Ciroma sunka ja daga,
Zagaye na biyu duk muke hanga,
Nuwamban 1992 anka kife ganga,
An hana mutum 23 takara gaba ɗaya.

Na kashe rediyo na faɗa ɗaka,
Tuwon dare ko loma ba ta kai baka,
Samarin layinmu har da masu kuka,
Hotunan Marafa na manne a bakin hanya.

Ɗan Ƙaura:
Baba, Allah ya ja da ranka,
Ciwon nan bai tsaya a kanka,
Tafida namu an haɗa da naka,
Shehu 'Yar'aduwa na kan gaba a tafiya.

An hana shi fage, ya riƙe wakilai,
Ya kai Atiku Jos da jama'a sosai,
Abiola da Kingibe sun yi kusan daidai,
Atiku ya janye, Abiola ya ga hanya.

Mun sa rai mataimaki sai Atiku,
Gwamnonin SDP sunka kafa turaku,
Kingibe ya samu, mun ji ciwo irin naku,
Muka haɗiye, muka bi doki da juriya.

Bamafariya:
Baba da Yaya, ku matsa in zauna,
Disambar 1991 na sha rana,
Goyo a baya, layi ya kai kwana,
Bayan hoton Yahaya Abdulkarim na tsaya.

Ɗan Mafara ne, ya zama gwamna,
Shi ya ɗaure mu ga NRC da ƙauna,
Da anka je Fatakwal anka zauna,
Bashir Tofa ya ɗau tutar jam'iyya.

Ban ɓoye ba, sunansa baƙo ne gare mu,
Da mataimakinsa Sylvester Ugoh anka haɗa mu,
Asabar 12 ga Yuni muka fito da ƙwanmu,
Sakkwato da Kabi sunka ba mikiya.

Ɗan Ƙaura:
Ƙanwata, kin faɗi naki daidai,
Amma ki tuna Kano, ki duba sosai,
Gidan Tofa ne, doki ya haye da sukuwa tsai,
Kanawa sun ba Abiola, ba ƙarya.

Dattijon Shinkafi:
Na yarda, ɗana, doki ya yi nisa,
Ni da na ƙi shi, na ga alamar nasa,
Nwosu shugaban hukumar zaɓe na karanto jihohin ƙasa,
Sai anka tsai da shi, ya rasa murya.

23 ga Yuni anka soke zaɓe,
Ƙuri'ata da taka duk sun zube,
Na ninke katina cikin tsumma na aje,
Har yau in na gan shi sai ya sosa zuciya.

Ƙafa ta uku ta zame mini a baitin ƙarshe, ku yi haƙuri, hannu ne ke rawa. Akwai na Argungu ko Yawuri a nan? Ku zo ku faɗa mana yadda ta kaya a wajenku zamanin Gwamna Abubakar Musa.